Shekarar da Hanya Ta Canza Hannu

Na san abin da kuka taso kuna ji a bakin tasha da majalisun Tudun Wada. Wai ubanku ya taɓa zama shugaban direbobin Gusau, girman kai ya sa aka tuɓe shi, bai rufa wata uku ba kuma ya zuba motar mutane a rami. To, an tuɓe ni, kuma na zuba mota a rami, ba zan yi musun ko ɗaya ba. Abin da ya haɗa biyun ne ba wanda ya gaya muku, ni ma ban gaya muku ba, kuma ba tsoron kowa ne ya rufe mini baki ba. Yau da idona ke gani, hannuna ke iya riƙe alƙalami, zan rubuta shi yadda ya faru, wanda zai ji haushi ya ji.

A shekarar 1972 gwamnati ta ce daga farkon watan Afrilu duk wani abin hawa a ƙasar nan zai bar hannun hagu ya koma dama. Ku da kuka buɗe ido kuka tarar da mota tana bin dama ba za ku gane nauyin wannan magana ba. A lokacin na haura shekara ashirin da fara tuƙi, daga Gusau zuwa Funtuwa da Zariya, wani sa'in Sakkwato ta Bungudu garinmu. Kwaltar zamanin siririya ce, mota ɗaya take ɗauka. Kowa tsakiya yake bi, in kun yi kiciɓis da wata motar sai kowa ya sauke tayarsa ta hagu a kan jar ƙasa, ku wuce juna kuna ɗaga hannu. Ba tunani ake yi ba, hannu ne ke yi da kansa kamar yadda yake kai loma baki. Wannan abin ne aka ce mu juya shi a kwana ɗaya. Rediyo na ta waƙa safe da yamma, an lilliƙa takardu masu hoton kibiya a bangon tasha, a ganin gwamnati ta gama nata.

Mu kuma a tasha muka samo tamu dabarar. Wani mai tireda ya yayyanka jan ƙyalle yana sayarwa, kowane direba ya ɗaura a wuyan hannunsa na dama, wai in ya ruɗe ya dubi ƙyallen. Kafin mako ya zagayo tashar Gusau ta koma gidan biki, babba da yaro kowa da jan ƙyalle, har 'yan kamashon da ba su taɓa riƙe sitiyari ba. Ni ma na ɗaura nawa, ina shugaba ina gaba. Wata rana da hantsi na fita hanyar Rawayya ba kaya ba fasinja, na ce bari in gwada abin nan tun kafin ranarsa ta zo. Na koma dama, ina tafiya lafiya lau har ina yaba wa kaina. Sai ga jaki ya fito daga bayan tarin kara ya faɗo hanya. Kafin in ce Allah, motar tana can hagu ta gama kaucewa. Ƙyallen yana nan daram a hannuna, ja wur, ban ko tuna da shi ba sai da na tsaya. Na zauna a cikin motar zufa na karyo mini. Da mota ce ba jaki ba, mai ita kuma ya bi sabuwar doka, da goshi da goshi za mu haɗu.

A bayan tasha akwai wani bakanike, Mista Emeka, mai gareji a gindin wata bedi. A Sabon Garin Gusau aka haife shi, tare muka yi wasan ƙwallon lemo da shi farkon zuwana garin, Hausarsa ta fi ta wasu 'yan garin. Rigimar da ta kawo yaƙin basasa ce ta kore shi, ya ƙare a Kamaru yana tuƙa motar katako, can kuwa dama suke bi. Bayan yaƙi ya dawo ya tarar da rabin abokansa sun manta yadda ake gaishe shi. Wurinsa na nufa kai tsaye daga hanyar Rawayya, na same shi a ƙarƙashin mota.

"Mista Emeka, hito ka ji. Hannuna ya ƙi jin magana."

Ya fito yana goge mai, ya saurare ni har na gama, ya dubi ƙyallen da ke hannuna.

"Malam Garba, nawa ma haka ya yi min a Kamaru. Wata guda ina tuƙi lahiya lau, ranar da na tsorata sai ya koma gida. Hannu ba shi ganin ƙyalle. Sai ka yi ta tsorata shi inda babu abin kashewa, har ya manta tsohon wuri."

"To in nawa ya manta, na wancan mai tahowa bai manta ba hwa?"

"Nan ne maganar take. In ya shigo hannunka, kada ka ƙetara nashi. Za ya tuna a ƙarshe ya koma, ku haɗu can. Ka shiga daji. Daji ba ya ramawa."

A kan wannan magana muka shirya filin koyo. Akwai wata shimfiɗaɗɗiyar gona a bayan Tudun Wada da ba a taɓa ta sai damina. Muka jera duro-duro na mai suka zama gefen hanya, aka sa motoci biyu su fuskanci juna a hankali, Emeka na laɓe a gefe yana mirgino tsohuwar taya lokacin da direba bai zata ba. Ni na fara shiga. Rana ta farko na tattake duron hagu har sai da mai su ya yi ƙorafi. Emeka yana tsaye yana daka mini tsawa a gaban jama'a, ni da ake miƙe mini in na shigo tasha. Ban ji daɗi ba ko kaɗan, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige. Amma a mako na biyu hannun ya fara faɗawa dama da kansa, na ji wani sanyi a raina da ban taɓa jin irinsa ba tun ranar da aka ba ni lasin. Yanzu kuna yi mini dariya in na zaunar da jikata tana nuna mini yadda ake tura murya a wayar nan, ina ta danna inda ba a ce ba. Ku yi dariyarku. Na riga na sha wadda ta fi ta a filin Tudun Wada, ban mutu ba.

Na tara direbobi a rumfar tasha na faɗa musu hukuncina: daga ranar canji, ba wanda zai samu layin lodi sai wanda ya yi filin. Matasa suka yi guna-guni suka yarda. Manya suka juya suna kallon mutum ɗaya, Baba Sale. Dole in gaya muku waye Baba Sale a wurina, in ba haka ba ba za ku gane komai ba. Shi ya ɗauko ni daga Bungudu ina matashi, ya ajiye ni a gidansa, ya koya mini mota daga wanke taya har zuwa hawa tudu da cikakken lodi. Shi ya shige gaba aka nemo mini auren uwarku Hauwa. Tun da yake tuƙi ba a taɓa jin ya buge ko kaza ba, fasinja kan bar mota mai lodi su jira tasa. Ban taɓa kiran sa da wani suna ba sai Maigida. Ya miƙe a hankali, jan ƙyallensa a hannu.

"Garba, ni na ɗora hannunka bisa sitiyari, kana ɗan ƙauye ko sunan giya ba ka sani ba. Yau kai za ka kai ni hili Inyamiri ya koya min tuƙi? Jiya-jiya munka gama yaƙi da su."

"Maigida, ba tuƙi za ya koya maka ba, wa ya isa? Hanya ce ta canza. Ni na hwara zama ɗan koyo gabanshi, kowa ya gani."

"Mun gani ƙwarai. Ka zamna can ka yi ta koyo. Ni na gama nawa tun ba a haihi rabin waɗanga ba."

Rumfa ta ɗauki dariya. Wanda ya fi kowa ƙyaƙyatawa shi ne Isa, mataimakina, wanda ya daɗe yana auna kujerar da ido.

Labari ya riga ni isa gida. A lokacin kakarku Inna tana zaune tare da mu, ta bar Bungudu saboda ciwon ƙafa. Ko takalmi ban gama cirewa ba ta tare ni daga kan tabarmarta.

"Garba, mi na ji? Wai Sale kaka so ka tozarta? Mutumin da yat tahi neman aurenka, ya riƙe ka kamar ɗan cikinshi?"

"Inna, in na ɗauke mishi sai na ɗauke ma kowa."

"To ka ɗauke ma kowa mana! Kai ka shimhiɗa hanyar? Gwamnati ta yi abinta, kai mi naka ciki? Wallahi in ka kunyata bawan Allah wanga ban yahe ba."

Wannan kalma ta Inna ta soke ni, har yau ina jin ta. Uwarku tana bakin murhu tana aikinta har Inna ta shiga ɗaki. Ta ajiye mini kwanon tuwo, ta tsaya a kaina.

"Malam, ni ban san mota ba. Amma in ka san gaskiya ta gare ka, kada ka tsaya tsakiya. Abin da ban so, ka ja hwaɗa da gari duka sannan ka dawo kana ba da haƙuri."

Kwana kaɗan bayan haka na zo tasha da safe na tarar an ɗaura wa motata farantin nan mai jan harafi da ake sa wa 'yan koyon tuƙi, ɗaya gaba ɗaya baya, an ɗaure da waya tamau. 'Yan kamasho sun jeru suna jiran su ga na fusata na ciccire. Na zagaya motar na duba, na ga na bayan ya ɗan karkace, na gyara masa zama. Da shi na yi lodi, da shi na je Funtuwa na dawo. Wasu mata 'yan kasuwa suka sauko da kayansu da suka ga alamar, suka ce su ba za su shiga motar ɗan koyo ba. Na taya su sauke buhunan da hannuna. Daga ranar sunana ya koma Ɗan Koyo a tashar Gusau, in an kira kuma ina amsawa da ƙarfi don mai kiran ya ji abin bai kai inda yake so ba.

Ranar canji ta zo, Lahadi ce, gari ya yi tsit kamar ana jiran wani abu ya fashe. Washegari Litinin aka buɗe lodi. Waɗanda suka yi filin suka shiga layi, akasarinsu matasa ne da wasu 'yan tsirarun manya. Can sai ga motar Baba Sale ta shigo, an wanke ta tana sheƙi, ta nufi kan layi. Na tashi na tsaya a gabanta. Ya matso har ƙarfen gabanta ya taɓa rigata, sannan ya taka birki ya leƙo ta taga.

"Kauce, Garba."

"Maigida, ka gahwarce ni. Ba ka yi hili ba."

"Ni kaka tare ma hanya gaban mutane?"

"Kai na hwara tarewa, don kowa ya san babu wanda za ni bari."

Ya daɗe yana kallona. Ban gusa ba. Ya kashe motar, ya sauko, ya wuce ta gefena kamar bai taɓa ganina ba, ya shiga rumfa ya zauna. Kafin azahar an tara direbobi. Isa ya yi dogon jawabi a kan ladabi da sanin darajar manya, ya ce wanda bai ga girman ubangidansa ba ba zai ga na kowa ba. Aka ce masu son a sauke Garba su ɗaga hannu. Na tsaya ina kallon hannuwan suna tashi, masu jan ƙyalle da marasa shi. A cikinsu har da yaran da na wuni a rana ina mirgina musu taya a filin Tudun Wada. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na ce musu kujera tasu ce, su suka ba ni, su karɓi abinsu, amma haƙuri ba zan ba kowa ba domin ban yi wa kowa laifi ba. Kafin la'asar Isa ya zama shugaba, ya soke maganar fili, Baba Sale ya yi lodinsa ya tafi.

Makonni suka wuce ba abin da ya faru a layinmu, ana ta yi mini habaici. Inna ta daina cin goron da nake kawo mata. In mun haɗu da Baba Sale a masallacin tasha sai ya canza sahu. Ni kuwa na ci gaba da tuƙa motar wani Alhaji mai fataucin hatsi, farantina na nan a ɗaure.

Ruwan farko ya sauka, ƙasa ta yi laushi. Wata safiya na ɗauko buhunan dawa zan kai Funtuwa, ni kaɗai a gaba, masu kayan suna can saman lodi a baya. Na wuce Tsafe, na kusa Kucheri, inda hanya ke yin kwana ta faɗa kan wata ƙaramar kwalbati. Ina shan kwanar sai ga mota ta ɓullo a tsakiyar kwalta, kusa ƙwarai, dukanmu ba wanda ya ji zuwan wani. Na gane ta nan take, ta Baba Sale ce, bodinta cike maƙil da fasinja. Hannuna ya faɗa dama da kansa. Shi kuma nasa ya koma gida, ya faɗa hagunsa, wato daidai inda nake. Na hango fuskarsa ta gilashi, baki buɗe. Ɗaya gefen hanyar kuwa a buɗe yake fayau, ba kowa, duk jikina yana cewa in ƙetara can. Ban ƙetara ba. Na ƙara murɗa sitiyari dama har ya ƙure, motar ta bar hanya ta gangara cikin ramin da ke gefen kwalbatin. A daidai lokacin Baba Sale ya tuna, ya fizgo motarsa ya koma hannunsa na gaskiya, ya wuce ta wurin nan da na so ƙetarawa. Da na je can, da a can za a kwashe mu gaba ɗaya.

Motata ta kwanta a gefe, buhuna suka zube, masu kayan suka watse cikin taɓo suna salati. Allah ya tsare, ba wanda ya mutu, sai ƙuje-ƙuje. Ni na karye a kafaɗa. Na rarrafo na fito na zauna a bakin ramin. Baba Sale ya tsayar da motarsa can gaba, ya tako shi kaɗai kafin fasinjansa su sauko. A kan jar ƙasar gefen hanya sawun tayarsa na nan raɗau, ya shigo hannuna sannan ya lanƙwasa ya fita. Ya tsaya a kan sawun yana kallo, ni ma ina kallo. Sai na ga ya sa takalminsa yana shafe wurin a hankali, kamar mai share wurin salla. Da mutane suka iso suka tattake sauran.

"Sannu, Garba. Allah shi kiyaye gaba," ya ce, bai dubi idona ba.

Fasinjansa na cikin bodi ba su ga komai ba, nawa kuma baya suke kallo. Kafin a kawo ni Gusau labari ya gama tasha: Ɗan Koyo ya ci rami, Baba Sale da bai taɓa zuwa fili ba shi ya tsaya ya taimaka. Alhaji mai mota ya aiko aka karɓi makullinsa. Ina kwance a zaure da ɗauri a kafaɗa, ba kujera, ba mota, ba suna. Uwarku kaɗai na gaya wa abin da ya faru. Ta ce in tashi in je tasha in faɗa, na ce mata wa zai yarda da maganar wanda aka tuɓe a kan mutumin da bai taɓa buge kaza ba? Baƙin ciki ya hana ni barci, ba zan ɓoye muku ba. Na tsani mutumin nan a kwanakin kamar yadda na taɓa son sa.

Ranar wata Juma'a da hantsi aka yi sallama, sai ga shi ya shigo zaure. Ya rame, jan ƙyallen nan babu shi a hannunsa. Ya zauna a bakin tabarma, muka gaisa sama-sama, yana ta murza hularsa.

"Garba, hannuna ya ci amanata. Tun ranar nan in na hango mota gabana sai tsoro ya kama ni. Jiya ma kusa da Tsahe ya so ya sake."

"Ka tahi tasha ka hwaɗi haka, Maigida. Gaban Isa, gaban waɗanda sunka ɗaga hannu."

"Ba ni iyawa. In na hwaɗi na mutu tsaye. Sunana kaɗai gare ni, Garba, ban da gona ban da gida biyu."

"Ni hwa nawa sunan?"

Ya mayar da hularsa kai. Can ya ce:

"Ka kai ni hilin nan, kai da Emeka. Amma ba Tudun Wada ba, inda ba mai gani. Kuma kada kowa ya ji muddin ina numhwashi. In ba ka iyawa, shi ke nan, in ci gaba da tuƙi hakanan, abin da Allah ya rubuta ya auku."

Na san mutumin, ba barazana yake yi ba. Zai gwammace ya ci gaba da ɗaukar mutane da wannan hannun nasa a kan ya tsaya a rumfa ya ce ya yi kuskure. Ga sunana a tafin hannunsa, kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta maido mini da komai, kuma ya ce ba zai furta ta ba. Na yi tunanin matan da ke barin mota mai lodi su jira tasa da goyo a baya. Na ce masa kawuna yana da wani fako a bayan Rawayya da ba a nomawa, mu haɗu can ranar Talata. Ya tashi ya fita, ko na gode bai iya faɗa ba.

Ashe uwarku tana bayan ƙofa. Ta shigo zaure idonta jajir.

"Ya kashe maka aiki, ya kashe maka suna, ya share sawu da ƙahwa tai, yanzu kuma kai za ka wanke shi a ɓoye? Ɗiyanka hwa? Haka za su tashi ana ce musu ɗiyan Ɗan Koyo?"

"Haka za su tashi, Hauwa."

"Na ce maka kada ka tsaya tsakiya!"

"Ban tsaya ba. Na ce babu mai ɗaukar mutane sai ya yi hili. Ga shi za ya yi."

Ta yi mako ba ta yi mini magana ba sai ta kama dole, kuma ban ga laifinta ba. Ku ne kuka biya wani ɓangare na wannan alkawari a makaranta da bakin layi, na sani, ina kallo.

Emeka bai tambaye ni dalili ba. Ya ari motar wani da ya kawo gyara, muka kwashi duro muka nufi Rawayya, ni da hannu a rataye. Baba Sale ya shiga motarsa, Emeka ya fuskance shi, ni na koma mai mirgina taya da hannu ɗaya. Dattijon nan da tasha ke rantsuwa da shi ya yi ta tattake duron hagu, yana dukan cinyarsa yana zagin hannunsa, hawaye na bin gemunsa. Emeka da ke daka mini tsawa, shi bai taɓa ɗaga masa murya ba, sai dai ya ce, "Baba, mu sake." Muka yi ta komawa duk Talata har dawa ta kai gwiwa. Ranar da hannunsa ya faɗa dama da kansa sau bayan sau, ya kashe motar, ya sauko ya miƙa wa Emeka hannu biyu. Ni kuma ya dube ni ya ce kafaɗar ta yi sauƙi? Na ce ta yi. Iyakar abin da ya taɓa shiga tsakaninmu ke nan a kan maganar.

Ba wanda ya sake ba ni mota a Gusau. Da kafaɗa ta warke na koma gindin bedin Emeka, ina da shekara arba'in da ɗoriya na fara koyon kwance inji, ina miƙa sifana kamar sabon shiga. A nan na samu sana'ar da na ciyar da ku, na yi muku karatu, na je Makka da ita. Kujerar tasha kuwa ba a sake yi mini tayinta ba, ni ma ban nema ba. Inna ta rasu tana ganin na yi wa Sale rashin kunya, ban iya wanke kaina a wurinta ba saboda alkawari. A duk abin da na rasa, wannan ne kaɗai ban warke daga shi ba.

Baba Sale ya ƙara shekaru masu yawa a kan hanyar Funtuwa kafin ido ya ajiye shi. Ranar da ya rasu tasha ta watse gaba ɗaya aka tafi jana'iza. Muna tsaye a maƙabarta ana jiran a gama haƙa, Isa ya tsufa yana dogara sanda, ya ɗaga murya yadda zan ji.

"Allahu Akbar, yau tuƙi ya mutu. Mutum tun zamanin Turawa shina bisa hanya, anka juya hanyar ma bai girgiza ba. Bai taɓa zama ɗan koyon kowa ba."

Kawuna suka juyo wajena. Alkawari ya ƙare a ranar, yana kwance a makara ba ya numfashi, bakina a buɗe yake in na so. Ga 'ya'yansa maza a tsaye suna share hawaye, suna jin daɗin abin da aka faɗa a kan ubansu. Na ce, "Allah ya jiƙan Maigida," na sa kafaɗata a ƙarƙashin makarar tare da su.

Ya shiga kabari da sunansa cikakke, ni na bar masa shi, kuma ban yi da-na-sani ba. Amma ku ku sani, kuma ku gaya wa 'ya'yanku: tun daga waccan damina har ranar da ya ajiye makulli, duk wanda ya hau motar Baba Sale ya sauka da ƙafarsa ya tafi gida. Wannan shi ne shugabancin da na yi, kuma ba wanda ya isa ya ɗaga hannu ya tuɓe ni daga shi.